Ƙorafi Mai Lamba Bakwai

A shagon ɗab'in da yake aiki babu mai kiransa da sunansa na gaskiya. Sake-Duba ake ce masa, tun daga mai shagon har matar da take share harabar, domin bai taɓa miƙa wa mutum aikinsa ba face ya janye hannu a rabin hanya ya ce bari ya sake dubawa. Katin gayyata mai layi huɗu sai ya karanta shi sau biyar, karatun ƙarshe daga ƙasa zuwa sama. Yana da difloma a ilimin kwamfuta. Takardar tana cikin leda, ledar tana cikin ambulan, ambulan ɗin yana ƙarƙashin katifarsa a gidan yayarsa tela, inda yake zaune tun da ya gama makaranta. Ita kaɗai take ce masa Auta.

Abin da mutanen shagon ba su sani ba shi ne, da zarar an watse cin abincin rana, Sake-Duba yakan karkata allon kwamfutarsa ta yadda mai shigowa ba zai gani ba, ya shiga hidimar Tsani. Tsani harshe ne na rubuta wa kwamfuta umarni, irin wanda ake gina manhaja da shi. Wani injiniya ne ya ƙirƙire shi shekara goma sha biyar da suka wuce, ya sake shi kyauta, kuma har yau ’yan sa-kai ne suke riƙe da shi. Ba su da albashi, ba su da ofis, sai wani ɗaki a bayan ɗakin karatu na gari da ake ara musu ranar Alhamis ta ƙarshen kowane wata. Sau ɗaya a shekara suke fitar da sabon zubi, a tattara gyare-gyaren da aka yi, a jera sunayen waɗanda suka yi su a shafin farko. Wanda sunansa ya shiga wannan jeri shi ake ba mabuɗi, wato izinin taɓa harshen da hannunsa ba sai ya roƙi kowa ba.

Shekara uku Sake-Duba yana zuwa taron, yana zama a kujerar da take bakin ƙofa, bai taɓa cewa uffan ba, har wasu suka ɗauka ma’aikacin ɗakin karatun ne yake jiran su tashi ya kulle. Alhali a aljihunsa akwai wani littafi mai baƙin bango da ya cika da kurakurai arba’in da ɗaya waɗanda ya gano a Tsani, kowanne da shafinsa, da ranar da ya gan shi, kusan duka da yadda za a gyara su. Ko ɗaya bai kai ƙorafinsa ba. Duk sanda ya ɗora yatsa zai aika, sai zuciyarsa ta raɗa masa cewa wataƙila shi ne bai gane ba.

A bana ya ƙudura cewa sunansa zai shiga jerin. Bai yi niyyar faɗa wa kowa ba, bakinsa ne ya suɓuce wata safiya yayarsa tana zuba masa shayi. Ita kuwa kafin rana ta yi tsaka ta gaya wa duk matar da ta zo gwada ɗinki cewa ƙanenta ya kusa zama babba a kwamfutar duniya. Daga ranar ya san bakin alƙalami ya bushe.

Sai ya yi lissafi irin nasa. Idan ya kawo ɗaya daga cikin na littafinsa, ana iya cewa shi ya ƙago matsalar don ya gyara ta. Gara ya ɗauki wadda wani ya riga ya kai ƙorafinta kowa ya shaida. Ya buɗe rajistar ƙorafe-ƙorafen Tsani, wadda take a intanet kowa yana iya gani, ya gangara can ƙasa, ya tarar da mafi tsufa da har yanzu ba a rufe ba: ƙorafi mai lamba bakwai, shekararsa goma sha biyu. Wani mai kiran kansa Mai Agogo ne ya rubuta shi, a layi biyu kacal. Idan ka ce wa Tsani ya ƙirga kwanaki daga wata rana ya faɗa maka ranar da za su cika, kuma ashirin da tara ga Fabrairu ta faɗo a tsakani, sai ya tsallake ta kamar ba a halicce ta ba, ya ba ka ranar da ta zarce da kwana ɗaya.

A ƙarƙashin ƙorafin akwai saƙonni ɗari huɗu da goma sha biyu. Sake-Duba bai karanta su ba. Ya ɗauka muhawarar masana ce, kuma ya san halinsa: idan ya ga yadda manya suka sha kaye, zai fasa tun bai fara ba. Don haka ya kau da kai ya wuce su, ya nufi cikin harshen kai tsaye, kuma a hutun rana guda ya gano inda gizo yake saƙar. Layi uku ne gyaran. Wannan sauƙin ne ya fi komai tayar masa da hankali, domin bai ga yadda abin da ya gagari mutane shekara goma sha biyu zai faɗi a hannunsa kafin shayinsa ya huce ba. Wata huɗu ya shafe yana sake dubawa. Ya rubuta gwaje-gwaje ɗari biyu, ya bi da gyaran ta kowace Fabrairu daga ƙarnin da ya wuce har ƙarni biyu masu zuwa, bai ga tangarɗa ba.

A taron da ya rage wata ɗaya a fitar da zubi, bayan an gama gardamar wanda zai kawo fanka, ya ɗaga hannu. Injiniyan da ya ƙirƙiro harshen, wanda kowa yake kira Injiniya kawai, dattijo ne siriri mai manyan kunnuwa, na hagu ya fi na dama buɗewa, kamar ƙyauren da aka manta ba a tura ba. Ya dubi mai ɗaga hannun ya ce masa ya yi haƙuri, saura minti goma su tashi ya kulle. Sake-Duba ya miƙe ya ce shi ba mai kulle ɗaki ba ne, kuma ya gyara lamba bakwai.

Malamar lissafin da take haɗa zubi kowace shekara ta sunkuya tana laluben wani abu a jakarta wanda ba ya ciki. Wani ya tashi ya je ya gyara labulen da babu abin da ya same shi. Injiniya ya karanta layukan uku, ya sake karantawa, ya cire tabarau.

“Ka yi ƙoƙari,” in ji shi, da irin muryar da ake yi wa mutum jaje.

Sannan ya tuna masa doka ta huɗu cikin dokokin Tsani, wadda shi da kansa ya rubuta: mai ƙorafi shi yake rufe ƙorafinsa. Sai Mai Agogo ya gwada gyaran ya shaida cewa matsalar ta kau, sannan a kulle shafin babu mai ƙara rubutu a cikinsa, gyaran ya shiga zubi. Idan bai shaida ba kafin ƙarfe huɗu na Alhamis ɗin fitarwa, to sai baɗi.

Sake-Duba ya rubuta wa Mai Agogo saƙo a shafin, bayan ya sake fasalinsa sau bakwai, yana roƙonsa cikin ladabi ya gwada. Mako uku babu amsa. Ranar Litinin, saura kwana uku, amsa ta zo: “Na gwada. Har yanzu matsalar tana nan.” Minti biyu bayan haka Injiniya ya rubuta a ƙasa: “An ji. Za a duba.”

Da yamma ya dawo gida kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Yayarsa tana kan keken ɗinki a tsakar gida, ta ajiye masa abinci, ya zauna yana kallonsa kamar jarrabawa. Da ta matsa masa, ya yi mata bayani tun daga Fabrairu har doka ta huɗu, ya ce ya sake gudanar da gwaje-gwajen duka ɗari biyu sun wuce lafiya, wanda hakan yake nufin gwaje-gwajen ma akwai kuskure a cikinsu, wataƙila ma difloma ɗin bisa kuskure aka ba shi. Ta tambaye shi me mutanen suka ce a waɗannan saƙonni ɗari huɗu. Ya ce bai karanta ba. Ta dube shi ta saman tabarau.

“Kai da kake karanta takardar sabulu kafin ka yi wanka? Ɗauko wayar, karanta mini, ni hannuna yana aiki.”

Saƙonni ashirin na farko faɗa ne zalla. Mai Agogo yana cewa harshen ya haɗiye rana guda; Injiniya yana cewa ba kuskure ba ne, haka aka tsara shi, ranar aro ce, kuma ba a gina lissafi a kan aro. Daga nan sai abin ya fara sauya kama.

“Har yanzu matsalar tana nan,” Sake-Duba ya karanta. “Na gwada ranar da aka sallame ni daga asibiti, da ƙafa a naɗe.” Amsar Injiniya ta biyo baya: “Ba a iya maimaita matsalar ba. Wace ƙafar? A rage hawan matakala.”

Keken ya rage gudu. Ya ci gaba, ya tsallaka shekara uku.

“Matsalar tana nan. Na ƙirga kwanakin haihuwar babbar ’yata, ya ba ni ba daidai ba. Namiji ne.” Amsa: “Za a duba. Allah ya raya. Kunnuwan fa?” Amsa: “Irin namu ne. Sai haƙuri.”

Keken ya tsaya cak.

“Auta,” in ji yayarsa, “kai da difloma, ni da almakashi, amma na riga ka isa. Waɗannan ba ƙorafi suke yi ba. Gaisawa suke yi.”

Ta ce ita ta san mai gyaran agogo ɗaya a garin nan da yake da kunnen da za a yi wa jariri jajensa, shi ne wanda yake ƙarƙashin matakalar tsohon gidan waya, wanda ya gyara agogon marigayi babansu. Sake-Duba ya ce ba daidai ba ne a faɗa wa mutum a wurin sana’arsa babu sanarwa, kuma tsarin Tsani a rubuce ake komai. Ta ce to shi ke nan, ita za ta je gobe da kanta ta yi masa bayanin wane ne ƙanenta. Bai san sanda ya ce shi zai je ba.

Ya ɗauki Talata yana shirya abin da zai faɗa. Ranar Laraba da safe ya nemi izinin fita, karo na farko cikin shekara uku, har mai shagon ya tambaye shi wa ya rasu.

Shagon Mai Agogo bai fi faɗin tabarma biyu ba. Rufinsa cikin matakala ne, don haka duk wanda ya hau bene sai agogunan bango su ɗan girgiza. Sun fi talatin, kowanne da lokacinsa, babu biyu da suka yarda da juna. A kusurwa akwai wata tsohuwar kwamfuta da aka lulluɓe da tawul. Mai shagon yana sunkuye da gilashin dubawa a ido ɗaya, kuma tun kafin ya ɗago Sake-Duba ya ga kunnen. Na dama ne nasa, amma ƙyaure ɗaya ne, kafinta ɗaya.

Ya yi gaisuwa, ya fara jawabin da ya haddace. Bai kai jimla ta biyu ba dattijon ya katse shi.

“Kai ne mai layi uku.”

“Ni ne, Baba.”

“Zauna. Kada ka taɓa wancan, yana jinya.” Ya cire gilashin ya ajiye. “Na gwada gyaranka. Ya yi. Tas.”

Sake-Duba ya ji kamar an sauke masa dutse daga ka an ɗora masa a ƙirji. Ya ce cikin ladabi ai ba haka aka rubuta a rajista ba. Dattijon ya ce ya sani, shi ya rubuta. Sannan ya ba shi labari, yana yi yana murɗa wani ƙaramin agogo.

Injiniya ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara goma sha biyu da suka wuce ƙanen ya yi tafiya ta aiki, ya ce zai dawo a jirgin ƙasa na safe bayan kwana sittin cif, wan ya yi alkawarin zuwa tarbarsa. Saboda alfahari da harshen ɗan’uwansa, bai duba kalandar bango ba, Tsani ya tambaya. Tsani ya haɗiye ranarsa, ya ba shi washegari. Shi kuwa Injiniya ya sauka, bai ga kowa ba, ya zauna a kan akwatinsa tun safe har rana ta faɗi. Akwai waya a aljihunsa, akwai motocin haya birjik a bakin tasha, amma ya ce wanda ya yi alkawari ba a tuna masa. Washegari wan ya tafi tasha da sabuwar riga, ya tsaya yana ta leƙen taragai, ƙanen yana gida yana kumbura. Da suka haɗu, wannan ya ce ka yashe ni a tasha kamar kayan da ba a san mai su ba, wancan ya ce harshenka ne ya ce gobe. Kowannensu ya rantse ba zai ƙara yi wa ɗan’uwansa magana ba sai ya amsa laifinsa.

“Amma rajista ba magana ba ce,” in ji dattijon. “Aiki ne. Ni mai ƙorafi ne, shi mai harshe, dole ya amsa, dokarsa ce. Yanzu ka zo da layi uku za ka sa in rufe. Idan aka kulle shafin, ta ina zan ji ko yana shan maganinsa?”

Sake-Duba ya yi gyaran murya ya ce ko za a gwada waya.

“Ka taɓa yin ƙane?”

“A’a, Baba, ni ne auta.”

“Shi ya sa.”

Wani ya hau bene, agogunan suka girgiza. Sake-Duba ya zauna yana kallon takalmansa. Ya san idan ya je ya gaya wa malamar lissafi cewa mai ƙorafi ya shaida da bakinsa, akwai yiwuwar ta rufe shafin da kanta, sunansa ya shiga. Gaskiya ce kuma zai faɗa, babu ƙari. Ya juya abin sau biyar, na ƙarshen daga ƙasa zuwa sama, ya ga ba zai iya ba. Ya tuna matan da suke zuwa gwada ɗinki, da abin da yayarsa ta gaya musu. Ya zaro littafinsa mai baƙin bango don ya rubuta yadda aka yi, kamar yadda ya saba rubuta komai, sai idonsa ya faɗa kan shafukan. Dokokin Tsani goma sha ɗaya ne, kuma ya haddace su tun shekarar farko.

“Baba,” in ji shi a hankali, “doka ta huɗu maganar rufewa take yi. Doka ta biyu ta ce kowa yana iya buɗe ƙorafi a kowane lokaci. Ba ta ce sau nawa ba.”

Ya miƙa masa littafin da hannu biyu. A karo na farko a rayuwarsa bai janye a rabin hanya ba.

Dattijon ya mayar da gilashinsa, ya shiga buɗe shafuka kamar mai zaɓen kankana. Ya dubi wannan ya ce ai ga gyaransa a ƙasa. Wancan ma haka. Da ya zo kan wani, ya ce wannan ko shi zai iya gyara shi da tsinken agogo. Ya ture littafin ya ce duk waɗannan ’yan mako biyu ne, shi wanda zai binne shi yake nema.

“Wanne ne ya gagare ka?”

Sake-Duba ya jawo littafin gabansa. Bai taɓa faɗa wa kowa cewa wani abu ya gagare shi ba, ko yayarsa. Ya buɗe shafi na ashirin da uku, wanda ya ninke gefensa don kada ya riƙa cin karo da shi. Ya ce wannan shekara biyu ke nan suna tare. Idan Tsani yana buga dogon jeri, sau ɗaya cikin dubu sai ya maimaita layin ƙarshe, babu dalili. Ba ya zuwa idan an neme shi. Sai ka daina jira, ya zo kamar shaƙuwa, ya tafi.

Fuskar dattijon ta washe. Ya ce ya taɓa yin wani agogo mai irin wannan hali, ba ya tsayawa sai ba a kallonsa, shekara tara suka yi tare kuma bai taɓa son agogo kamarsa ba. Ya kwafe shafin a bayan wani tsohon ambulan, harafi bayan harafi. Sannan ya ɗaga yatsa.

“Sharaɗi ɗaya. Ba za ka taɓa shi ba. Ko a mafarki ka gano shi, ka farka ka manta.”

Sake-Duba ya ce ai babu wannan fargaba, ya gwada duk abin da ya sani. Ya tambaya ko hakan yana nufin za a rufe lamba bakwai. Dattijon ya ce ya je tukuna, zai yi tunani, agogo ba a yi masa gaggawa.

Ranar Alhamis yayarsa ta sa shi dole ya sa wata sabuwar riga da ta ɗinka masa, mai wuyan da ya fi ƙarfin wuyansa. Ƙarfe uku da rabi babu komai a rajista. Malamar lissafi ta haɗa zubi, ta bar gurbin layi uku a gefe, tana duban agogon ɗakin tana duban Sake-Duba da tausayi. Injiniya yana zaune ya harɗe hannu, hankalinsa kwance kamar wanda ya san ƙarshen labari.

Saura minti takwas, sabon ƙorafi ya bayyana a allon, lamba ɗari tara da goma sha uku, daga Mai Agogo: Tsani yana maimaita layin ƙarshe, sau ɗaya cikin dubu. Dattijon ba mai sakin reshe ya kama ganye ba ne, sai da ya ga sabon ya zauna daram. Saura minti uku, saƙo na ƙarshe ya faɗo a lamba bakwai. Malamar ce ta karanta shi a fili, tun ba ta san abin da yake ciki ba.

“Na gwada. An gyara. Ashe ranar tana nan. Da na duba kalandar bango, da na zo.”

Shafin ya kulle kansa. Injiniya ya jawo kwamfutar gabansa da sauri, ya fara buga amsa, allon ya ce masa an rufe wannan ƙorafi bisa doka ta huɗu. Ya sake gwadawa, ya sake samun amsa ɗaya. Ya yi tsaki ya tambayi wane marar tunani ne ya tsara wannan abu.

“Kai ne, Injiniya,” in ji malamar.

Ya goge tabaransa ya daɗe yana gogewa, duk da babu abin da ya same shi. Sannan ya buɗe lamba ɗari tara da goma sha uku ya rubuta, yatsa ɗaya-ɗaya: “Ba a iya maimaita matsalar ba. Ni ma akwai waya a aljihuna ranar. Ƙafar fa?”

Malamar ta cusa layukan uku a gurbinsu, ta zo kan jerin sunaye, ta tsaya. Sai a lokacin aka gane cewa shekara uku babu wanda ya san sunan mutumin bakin ƙofa. Ya faɗa mata, ta rubuta. Ya miƙe yana cewa bari ya sake dubawa, ta danna maɓallin kafin ya iso. Ƙarfe huɗu daidai zubi ya fita.

A bakin ƙofa Injiniya ya tsayar da shi, ya ce mabuɗinsa zai iso masa kafin ya kai gida. Ya rage murya ya ƙara da cewa sabon ƙorafin nan mai wuya ne ƙwarai, ba na sababbin hannu ba ne, kada ya wahalar da kansa. Sake-Duba ya ce ya fahimta. Injiniya ya dube shi, ya dubi rigar, ya ce an yi ɗinki mai kyau.

A motar komawa gida ya samu wuri kusa da taga. Kwandasta yana ƙirga kawunan fasinja daga gaba, direba yana ƙirgawa ta madubi daga baya, suka haɗu a kan wata mata mai kwando, kowannensu ya sa ta a lissafinsa, suka shiga gardamar yadda aka yi mutane suka fi kujeru yawa. Sake-Duba yana murmushi, sai murmushin ya daskare. Sassa biyu ne a cikin Tsani suke raba aikin buga dogon jeri. Idan suka iso ƙarshe a lokaci ɗaya, kowanne zai ɗauka layin ƙarshe nasa ne. Sau ɗaya cikin dubu. Ya ga wurin, ya ga gyaran, sarai kamar an rubuta masa a gilashin motar. Ya rufe ido, abin bai tafi ba.

Ya shigo gida hannunsa dafe da aljihu. Yayarsa tana kan keke, ta riga ta ji labari, don tun ƙarfe huɗu ta sa maƙwabciyarsu ta buɗe mata shafin a waya, sun karanta sunan sau uku. Ta ɗago za ta yi masa barka, ta ga fuskarsa.

“To, me kuma?”

“Yaya, na gano na ashirin da uku.”

“Layi nawa?”

“Ɗaya.”

“Ka rubuta?”

“Tukuna.”

Ta miƙa hannu. Ya ɗan yi jinkiri, sannan ya ba ta littafin. Ta buɗe shafin, ta haɗa shi da na bayansa, ta sa a ƙarƙashin allura, ta taka keke. Ta zagaye gefe uku da baƙin zare, ta datse da almakashi, ta mayar masa, ta ce ya je ya cire rigar kafin ya ɓata ta da miya.

Sake-Duba ya tsaya a bakin ɗakinsa yana bin ɗinkin da yatsa. A kusurwar ƙasa ya ga allurar ta tsallake wuri ɗaya. Ya duba, ya sake dubawa, tabbas ta tsallake. Ya rufe littafin, ya cusa shi ƙarƙashin katifa kusa da difloma, ya fito cin abinci.